Makaɗin da Ba Ya Ganin Fage

Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Na girma ina jin wannan karin magana ban taɓa yi mata gardama ba, sai ranar da na zauna gaban kwamfuta da bidiyo mai tsawon minti 4 da daƙiƙa 12, da kuma kiɗan gurmi mai minti 2 da daƙiƙa 50. Bidiyon na kakana ne yana saƙa, na ɗauke shi da waya a zamansa na ƙarshe a masaƙa kafin ganinsa ya yi rauni. Kiɗan kuwa na amininsa ne, wanda ya kaɗa mana a zaure wani dare na sanyi, Allah kuma ya karɓi abinsa bayan 'yan watanni. Ga rawa ta ƙi sauyawa, ga makaɗi ba ya nan balle a roƙe shi ya ƙara. Tsakanin aminan nan biyu akwai giɓin daƙiƙa 82, kuma ni aka bar wa cike shi.

Kowane mai tace bidiyo ya san wannan damuwa, ya kuma san maganinta. Akan nemi wata gaɓa a tsakiyar kiɗan, a yanko ta, a haɗa ƙarshenta da farkonta domin ta yi ta zagayowa har hoton ya ƙare. Wannan dabara ita zan riƙa kira zobe. Idan kuma kiɗan ne ya fi tsawo, sai a cire masa wani yanki, ko a ɗan ƙara masa sauri, ko a dusashe shi sannu a hankali. A yau aikin bai wuce na 'yan mintoci ba, kuma sauƙin nan ne ya sa na tambayi kaina: su wa suka fara, me kuma ya tilasta musu? Neman amsar ya mayar da ni baya shekara fiye da 100, ya kuma nuna mini abu guda. Tun ranar da aka naɗe kiɗa a faifai ya rasa idonsa, ya daina ganin abin da yake yi wa rakiya, kuma duk dabarun da suka biyo baya ƙoƙari ne na mayar masa da wannan ido.

Lokacin da makaɗi ke kallon allo

A ranar 28 ga Disamba, 1895, wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna hotuna masu motsi ga mutanen da suka biya kuɗin kallo a birnin Paris. Daga nan har kusan shekara 30 fim bebe ne, amma ba a saba barin ɗakin kallo shiru ba. A ƙaramar silima akan ajiye mai fiyano guda a gindin allo, a babba kuwa ƙungiyar makaɗa ce sukutum da madugunta. Aikin nasu yana da wuya, domin fim ɗin kansa ba shi da tabbataccen tsawo. Da hannu ake juya kyamara, kuma mai majigi yana iya ƙara gudu ko ya rage, wani lokaci don kawai mai silima yana son a ƙara nuni ɗaya kafin dare ya yi nisa. Fitowar da ta ci minti biyu jiya tana iya ƙarewa yau tun makaɗi bai kai rabin waƙarsa ba.

Masu harkar fim sun so su rage wa makaɗa wannan wahala. A 1908 fitaccen mai tsara kiɗa na Faransa, Camille Saint-Saëns, ya rubuta kiɗa na musamman domin wani fim a kan kisan wani basarake, sai dai finafinai kaɗan ne suka samu irin wannan gata. A 1909 kamfanin Edison a Amurka ya fara buga wa gidajen silima shawarwari a kan irin kiɗan da ya dace da finafinansa. Daga baya aka shiga raba takarda tare da kowane fim, mai ɗauke da jerin fitowa, da tsawon kowacce, da sunan kiɗan da za a yi mata. A 1919 Giuseppe Becce ya fara fitar da kundinsa mai suna Kinothek a Jamus, sannan a 1924 Erno Rapée ya wallafa nasa a Amurka, wanda aka jera bisa yanayin fage da na zuciya: tsoro, soyayya, jana'iza, yaƙi, gobara. Da gajerun gaɓoɓi masu alamar maimaici aka gina yawancin irin waɗannan kaɗe-kaɗe, ta yadda mai fiyano zai iya zagaya gaɓa ɗaya sau biyu ko sau biyar, idonsa na kan allo, har sai ɓarawon ya gama tsallake katanga, sannan ya sauka.

Wannan shi ne zobe na farko a tarihin fim, kuma a yatsun mutum yake. Bahaushen da ya taɓa tsayawa a fagen dambe ko a gonar gayya ya san wannan fasaha ba sai an karanta masa ba. Makaɗin dambe ba ya auna taken ɗan wasa da agogo, maimaita shi yake yi har sai mai taken ya tsuma ya fito. Haka 'yan amshi suke riƙe wa ubangidansu waƙa, suna juya amshi ɗaya yayin da wani mai kyauta ya shigo fage yana liƙi, ba za a wuce ba sai ya gama. Shi ya sa waƙa ɗaya ta Mamman Shata takan zo da tsawo dabam-dabam a wurare dabam-dabam. Taro ne ke yanke tsawonta. Mai fiyanon silima da mai kalangun biki ba su san juna ba, amma sana'arsu ɗaya ce: kallon fage, da sanin lokacin sauka.

Ranar da aka ɗaure kiɗa da igiya

A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, fim ɗin da ya buɗe kasuwar finafinai masu magana. A faifai sautinsa yake, mai faɗin inci 16, wanda ke juyawa sau 33 da sulusi a minti, yana ɗaukar kimanin minti 11, daidai da naɗin fim guda mai ƙafa 1,000. Majigi da faifai tare suke tashi, kuma dole su tafi kafaɗa da kafaɗa. Idan fim ya tsinke aka yi asarar hotuna biyar, sai an liƙa baƙaƙen hotuna biyar a gurbinsu, in ba haka ba baki zai riƙa motsi dabam, murya na fita dabam har ƙarshen naɗin. Ba a daɗe ba aka bar faifai aka koma buga sauti a gefen fim ɗin kansa, a matsayin siririn layi wanda haske ke karantawa. Cikin 'yan shekaru dubban makaɗan silima suka rasa abin yi.

Sauti ba ya jure wa gudun da ke hawa da sauka, saboda haka aka tsayar da ƙa'ida: hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Ƙafa guda ta fim mai faɗin milimita 35 tana ɗauke da hotuna 16, ke nan ƙafa 90 ke wucewa a minti guda. Daga ranar nan lokaci ya zama abin da ake aunawa da ma'auni kamar yadi a kanti. Sai aka sami sabuwar sana'a ta mai tace kiɗa, wanda ke zama gaban na'urar Moviola, wadda Iwan Serrurier ya fara sayar wa masu fim a 1924, yana juya fitowa gaba da baya, yana rubuta wa mai tsara kiɗa cewa a daƙiƙa kaza aka buɗe ƙofa, a daƙiƙa kaza matar ta waiwaya.

Masu zanen katun ne suka fara cin karo da matsalar gaba da gaba. Lokacin da Walt Disney ya je New York ɗaukar sautin Steamboat Willie a 1928, zaman farko ya lalace domin makaɗa sun kasa tafiya daidai da hoto. A zama na biyu aka zana wata 'yar ƙwallo mai tsalle a jikin fim, madugun makaɗa ya riƙa bin tsallenta, aiki ya yi kyau. Daga irin wannan ne aka kai ga dabarar ƙyas-ƙyas, wadda ake danganta farkonta da Carl Stalling, Max Steiner kuma ya yi suna da ita a finafinai irin su The Informer na 1935. Akan ɗauki guntun fim a huda masa ƙofofi a gefen sauti bisa tazara ɗaya, a haɗa bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe, a saka a na'ura. Duk ƙofar da ta gifta gaban haske sai ta ba da ƙara, makaɗa na ji a kunne. Lissafin a fili yake: minti guda hotuna 1,440 ne, idan aka huda ƙofa bayan kowane hoto 12 an sami bugu 120 a minti, idan bayan 24 ne an sami 60. Mai tsara kiɗa zai iya sanin adadin bugun da fitowa za ta ci tun bai rubuta komai ba.

Riba ta samu, amma da asara a cikinta. Makaɗin da a da yake kallon allo yanzu agogo yake saurare. Waɗansu sun ji ƙuncin wannan, ciki har da Alfred Newman, wanda ake jingina wa wata hanya mai sassauci: a karce dogon layi a karkace a jikin fim, ya riƙa ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan, ya ƙare da walƙiyar haske a daidai inda ake son kiɗa ya sauka. Madugu yana da 'yancin jan gaɓa ko gaggauta ta, muddin zai iso tare da layin. Wato tun ba a yi nisa ba an fara neman hanyar da za a mayar wa makaɗi idonsa.

Reza, zare da zobe

Duk wannan na masu kuɗin tara makaɗa ne. Wanda ba shi da hali fa, sai naɗaɗɗen kiɗa kawai a hannunsa? Amsarsa ta fito daga wurare biyu. A 1948 wani injiniya a gidan rediyon Faransa, Pierre Schaeffer, ya shiga gwaje-gwaje da faifan garmaho. Layin da allura ke bi a murɗe yake, kamar ɗinkin faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi, yana tafiya daga baki zuwa tsakiya. Schaeffer ya rufe layin ya zama da'ira, allura ta rasa mafita, ta yi ta zagaya wuri guda. A faifai mai juyi 78 a minti, zagaye ɗaya bai cika daƙiƙa guda ba. Da ƙarar jiragen ƙasa da ya naɗo a wata tasha ta Paris ya yi aikinsa na farko, ya kuma lura cewa duk sautin da aka maimaita shi da yawa yakan manta asalinsa ya koma kiɗa. Wannan gaskiya tana da baya mai ɗaci ga mai tace bidiyo: kiɗan da aka maimaita fiye da kima shi ma yakan manta asalinsa ya koma ƙarar inji.

Wuri na biyu shi ne zaren naɗar sauti, irin wanda muka sani a cikin kaset amma ya fi shi faɗi. Fritz Pfleumer ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Jamus a 1928, kamfanin AEG ya nuna na'urar Magnetophon a 1935, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma wani sojan Amurka, Jack Mullin, ya kai irinta gida, har aka fara naɗar shirin rediyon mawaƙi Bing Crosby da ita a 1947. Da zuwan zare, kiɗa ya zama abin da reza ke yankawa. Idan zare na gudun inci 15 a daƙiƙa, gaɓa mai bugu huɗu a kiɗa mai bugu 120 a minti tana cin daƙiƙa biyu, wato inci 30. Mai tacewa yakan murza zaren da hannu a kan na'ura har ya ji goshin bugun, ya yi alama da fensir, ya yanka. Ba ya yankawa a miƙe, domin yankan miƙe yakan ba da ƙara a mahaɗa. A karkace yake yi, ta yadda sautin farko zai riƙa janyewa yayin da na biyu ke shigowa. Ƙa'idojin da ake koya wa masu tacewa a yau duk daga teburin nan suka fito: a yanka a kan bugu, a ƙirga gaɓoɓi huɗu-huɗu ko takwas-takwas, a haɗa wuraren da amonsu ya yi kama, a ɓoye mahaɗa a ƙarƙashin magana ko wata ƙara. Akwai kuma dabarar farawa daga ƙarshe, wadda ma'aikatan rediyo suka daɗe da sani: a fara daidaita saukar kiɗa da ƙarshen shiri, sannan a yi gyara a tsakiya, domin kunne yana yafe tsakiya amma ba ya yafe mummunar sauka.

Ba ƙaramin haƙuri aikin ke ci ba. A 1963 Delia Derbyshire, ma'aikaciya a sashen gwajin sauti na BBC, ta haɗa taken shirin Doctor Who wanda Ron Grainer ya rubuta, ta hanyar yanka kowane amo ɗaya bayan ɗaya da liƙa su da hannu. Kamfanonin da ke ba da hayar kiɗa kuwa, irin su De Wolfe na Landan wanda aka kafa a 1909, sun fahimci bukatar kasuwa, har ya zama al'adar sana'ar a fitar da kiɗa ɗaya cikin tsawo iri-iri, na daƙiƙa 60 da na 30, domin masu talla da masu labarai. Kiɗa ya koma kamar riga 'yar kanti, kowa ya zaɓi daidai jikinsa.

Sauri da murya

Akwai wata hanya da ta fi yanka sauƙi a ido, wato a ƙara wa kiɗa gudu ko a rage. Amma duk wanda ya taɓa sauraren rikoda batirinta na mutuwa ya san abin da ke biyo baya: murya takan yi kauri ta yi nauyi, idan kuma aka ƙara gudu ta koma ta yara. A zare da faifai, sauri da kaifin murya tagwaye ne, ba a taɓa ɗaya a bar ɗaya. Mu ma a nan mun sha wannan ba tare da mun lura ba. Tsarin talabijin da Najeriya ke bi yana nuna hotuna 25 a daƙiƙa, fim kuwa da 24 ake ɗaukarsa, saboda haka akan ƙara masa gudu da kimanin kashi 4 cikin 100. Fim mai awa uku yakan rasa kusan minti bakwai, muryoyin mawaƙansa kuma su ɗan ƙara kaifi.

Wani lokaci tagwayen kan yi rana. A watan Disamba na 1966 John Lennon ya so a haɗa masa farkon wani ɗauka na waƙar Strawberry Fields Forever da ƙarshen wani, alhali sun bambanta a sauri da kuma amo. George Martin da injiniya Geoff Emerick suka ƙara wa ɗaya gudu suka rage wa ɗaya, aka yi dace suka haɗu, mahaɗar tana nan wajen daƙiƙa ta 60. Sa'a ce, kuma sana'a ba ta dogara da sa'a. Injiniyoyi sun daɗe suna neman raba tagwayen. A Jamus an ƙera na'ura mai kawuna masu juyawa bisa aikin Anton Springer, wadda ke gutsura sauti ƙanana-ƙanana, ta maimaita waɗansu gutsattsarin idan ana son tsawo, ta tsallake waɗansu idan ana son gajarta. A 1966 James Flanagan da Roger Golden na ɗakin binciken Bell a Amurka suka bayyana hanyar yin irin wannan da lissafi. Abin sha'awa shi ne, miƙa kiɗa ba tare da sauya muryarsa ba shi ma zobe ne, sai dai zobba ne dubbai, kowanne ya yi ƙanƙantar da kunne ba zai kama shi ba. Idan aka ja da yawa kuwa yakan kama, sauti ya riƙa rawa kamar ana magana a cikin randa.

Yadda abin ya iso Kano

Tarihin nan ya ratso ta ƙofar gidanmu. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, daga baya finafinan Indiya suka mamaye zukatan 'yan kallo a Arewa. Su kuwa Indiyawa tun 1935, a fim ɗin Dhoop Chhaon na Nitin Bose, suka kama wata hanya: a naɗi waƙa tukuna, sannan a saka ta a wurin ɗauka 'yan wasa su bi ta da baki da jiki. A nan karin maganarmu ta yi gaskiya, kiɗa ne ke gaba rawa na biye. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kunno kai, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, har zuwa irin su Sangaya a ƙarshen shekarun 1990, wannan hanya aka bi wajen waƙoƙi. Kayan aikin kuwa shi ne fiyanon Yamaha, wanda a cikinsa akwai zobba da aka riga aka shirya: maɓallin buɗewa, da gangar da ke zagayawa ba ta gajiya, da maɓallin saukewa wanda mai kiɗa zai danna idan mawaƙi ya gama baitocinsa.

Sai dai a fitowar da ba ta waƙa ba, hoto ne ke mulki. Ina yaro na sha kallon uwa tana kuka a fim, wani ɗan guntun kiɗan tausayi yana zagayowa sau shida ko bakwai, sannan ya yanke kwatsam a tsakiyar gaɓa saboda an koma wata fitowa. Mukan yi dariya a inda aka so mu yi hawaye. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawar mutanenmu ba. Matsalar da ta kayar da makaɗan Disney a zamansu na farko ce ta iske matasa masu ƙaramin jari, suka yi da abin da ke hannunsu.

Na'ura ta fara koyon kallo

Kwamfuta ta kawar da tsoron reza. Da fitowar manhajoji irin su Avid a 1989 da Pro Tools a 1991, yanka ya daina zama asara, domin asalin sautin yana nan, ana iya komawa. A 1998 manhajar ACID ta sa zobba masu sauri dabam-dabam suka riƙa daidaita kansu, Ableton Live ta biyo baya a 2001. A 2015 kamfanin Adobe ya saka wa manhajarsa ta Audition wata dabara da ke nazarin kiɗa, ta gano wuraren da suka yi kama da juna, ta yanka ta haɗa har ya kai tsawon da aka nema. Masu wasannin kwamfuta ma sun bi ta wata hanyar, domin su ba su san tsawon fitowa ba sam, mai wasa ne ke yanke shi. A 1991 Michael Land da Peter McConnell suka ƙirƙiro tsarin iMUSE, wanda ke sa kiɗa ya yi ta zagaye yana jiran mai wasa, idan ya shiga wani ɗaki kiɗan ya nemi gaɓa mafi kusa ya sauya. Bayan shekara fiye da 60, an koma neman abin da mai fiyanon silima yake yi da wutsiyar ido.

Daƙiƙa 82

Da wannan ilimi na koma kan aikina ina jin na ƙoshi. Na sami gaɓa mai daƙiƙa 41 a tsakiyar kiɗan gurmin, na maimaita ta sau biyu, na yanka a kan bugu, na lulluɓe mahaɗa, saukar kiɗa ta zo daidai da ɗagowar kan kakana daga masaƙa. Na saurara sau goma ban ji tabo ba. Na kai masa da yamma, iyalin gida suka kewaye waya suna kallo, shi kuwa ya karkato kunne kawai, tunda allon ya fi ƙarfin idonsa. Da aka kai wajen minti na biyu sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, abokina. Nan ya riga ya faɗi wannan."

Na ce, "Baba, ai haka kiɗan gurmi yake, maimaici ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Shekara hamsin ina jin hannunsa. Yakan dawo wuri ɗaya, amma bai taɓa dawowa da ƙafa ɗaya ba. Wannan ba shi ba ne, kai ne." Ya ƙara da cewa idan zare ya tsinke masaƙi yakan ƙulla, mai saye ba zai gani ba, amma yatsan masaƙi ba ya wuce ƙulli bai ji ba.

A daren nan na gane abin da littattafan tarihin ba su faɗa mini kai tsaye ba. Maimaicin mai rai da maimaicin na'ura sunansu ɗaya, halinsu dabam. Makaɗi yana komawa gaɓa ne saboda ya ga wani abu a fage, kuma abin da ya gani yakan shiga hannunsa, ya ɗan jinkirta nan, ya ɗan danne can. Zobe kuwa yana komawa ne saboda lissafi bai cika ba. Manhaja tana iya gano inda amo ya yi kama da amo, amma ba ta san wane ne a cikin hoton ba, ba ta kuma san wa zai saurara ba. Idon da aka yi shekara 100 ana nema wa naɗaɗɗen kiɗa, ashe na mai tacewa ne, kuma wani ɓangare na aikinsa shi ne ya san inda bai kamata a cike giɓi ba.

Na cire zoben. Na bar gurmin ya tafi yadda mai shi ya kaɗa shi, minti 2 da daƙiƙa 50, ya sauka inda ya ga dama. Sauran daƙiƙa 82 na buɗe sautin da waya ta ɗauka a masaƙa, wanda da farko na rufe shi don ina ganin hayaniya ce: ƙoshiya tana kai da kawowa, ƙafafu na taka itace, wata akuya a nesa, da numfashin tsoho. Da na sake kai masa, ya saurara har ƙarshe bai ɗaga hannu ba. Bayan gurmin ya yi shiru, sai na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, suna bin ƙoshiyar. Da bidiyon ya ƙare ya ce, "Haka muke yi da shi. Yakan gama ya tashi, ni in ci gaba da aiki."